Kwanukan Zauren Ɗalha

Duk ranar Laraba Safinatu takan tashi da fargaba, domin washegari Alhamis kasuwar Maigatari ke ci, kuma mijinta Ɗalha fatoma ne a kara, wato kasuwar dabbobi. Fataken dabbobi daga Dungas da Magarya, har da na Damagaram, a zaurensa suke sauka. Ya ba su wurin kwana, ya ciyar da su, ya sayar musu da dabbobinsu, sannan ya karɓi la'ada. Sana'ar da ya gada ke nan wurin mahaifinsa, tare da zauren, tare da laƙabin da ake kiransa da shi a kara: Sarkin Tuwo.

Makullin ɗakin hatsi a aljihun Ɗalha yake kwana. Kowace safiya shi ke buɗewa ya auno gero ya juye mata a ƙwarya. Wannan Larabar ma haka ya yi. Safinatu, da jaririnta Haidar a goye, ta dubi ƙwaryar, ta dubi takalman da suka fara taruwa a bakin zaure.

Ta ce, "Maigida, mutum nawa ne yau?"

Ya ce, "Ke kullum sai kin yi tambayar nan. A gidan nan ba a ƙirga baƙo. Mahaifina bai ƙirga ba har ya koma ga Allah. Ranar da aka fara ƙirgawa, ranar albarka za ta fita."

"Ba su zan ƙirga ba. Ruwan tukunya zan auna."

"To, ki cika ta."

Ya mayar da kwaɗo ya kulle, ya fita yana gyara hula.

Awon da ya ba ta shi ne awon da mahaifinsa ke bayarwa a zamanin da baƙin gidan ba su fi su kewaye akushi biyu ba. Yanzu kuwa abin ya canja. Tun shekarar da aka rufe iyaka ciniki ya yi sanyi, bai kuma komo daidai ba. Falke sai ya zo da raguna huɗu, ya rasa mai saye da daraja, ya zauna jiran wata Alhamis ɗin. Wani ya sayar, amma kuɗi ba su fito ba, shi ma ya zauna. Bayan su ga mutanen unguwa da suka gano cewa in magariba ta yi akwai tuwo a zauren Ɗalha, suka mayar da wurin majalisa, ba mai zuwa da ko loma ɗaya daga gidansa. Zauren da a da yake cika kwana biyu a mako ya koma ba ya rabuwa da mutane. Baki ya ƙaru, awo yana nan inda yake. In ma mako ya zo da tsanani, Ɗalha yakan rage na ranar Lahadi da Litinin don ya ƙara a na Laraba.

Shi kuma rabon tuwo a gidan yana da tsarinsa, ba wanda ya taɓa rubuta shi, ba kuma wanda ya taɓa karya shi. Kwanukan zaure ake fara cikawa, a shafe su da mai, a zuba miya har ta kai baki. Sai kwanon Iya, mahaifiyar Ɗalha. Sai ɗan kwanon Ummi, 'yar farin Safinatu mai shekara shida. Abin da ya rage a gindin tukunya shi ne na mai girki.

Ran nan ta kwashe tuwo ta jera. Ɗalha ya shigo ya kwashi na waje da kansa. Bai daɗe ba ya sake leƙowa.

"Ga wasu Buzaye uku sun iso yanzu da raƙuma. Ƙaro kwano."

"Ya ƙare, Maigida."

"Wancan fa?"

"Na Ummi ne."

"Raba shi. Ita yarinya nawa cikinta yake?"

Ta raba. Ummi ta bi rabin da ido har ya fita ƙofa. Safinatu ta zuba ruwa a tukunya, ƙanzo ya jiƙa, ta kankaro, ta ba Ummi mai laushin, ita ta sha ruwan da ɗan abin da ya kwanta a ƙasa. Ta jawo Haidar ta ba shi nono. Ya ja, ya ja, ya saki, ya tsala kuka.

Iya daga bakin ɗakinta ta ce, "Yaron nan dai akwai rigima. Haƙori yake yi."

Ba haƙori ba ne, Safinatu ta sani. Ruwan nononta ne ke janyewa. In ta miƙe daga bakin murhu sai ta ga duhu, sai ta dafa bango. Zobenta na azurfa da a da sai da sabulu yake fita, yanzu da kansa yake zamewa in tana wanke-wanke.

Da farko ta rufa wa gidan asiri da abin hannunta, kamar yadda ta ga mata na yi. Akuyarta ta tafi kasuwa, ta koma gero da manja. Samirun da ke jere a ɗakinta suka bi ta ɗaya bayan ɗaya ta hannun dillaliya. Duk abin da ta sayo, tukunya guda yake shiga, kuma ta ƙofar zaure yake fita. Ɗalha bai taɓa tambayar yadda awonsa ke ƙosar da wannan taro ba. In an yaba tuwon a waje yakan shigo da fara'a ya ce, "Kin gani ko? Albarka ce. Da mun tsaya lissafi da ba mu ga haka ba."

Damina ta faɗi, hatsi ya yi tsada, ɗakin Safinatu kuma ya zama wayam, ba sauran abin sayarwa. Haidar ya daina rarrafen da ya fara. Gashinsa ya yi ja-ja, ya yi laushi, kukansa ya koma kamar na ɗan mage.

Rahamatu, maƙwabciyarsu da katanga kawai ta raba su, ta shigo aron rariya wata safiya. Ta karɓi yaron, ta ɗaga shi a hannu, fuskarta ta canja.

"Safinatu, wannan ai ba nauyin ɗa ba ne. Ɗauko mayafinki."

Safinatu ta gaya wa Iya za su je rigakafi. A asibitin sha-ka-tafi suka tarar da dogon layi na mata. Da aka zo kansu, malamar asibiti ta naɗa wani ɗan ma'auni mai launi uku a dantsen Haidar, ya tsaya a kan ja. Ta ɗago ta dubi uwar, ta jawo fatar idonta ta duba.

"Tamowa ce ta kama shi. Ke kanki kina cin abinci kuwa?"

"Ina ci."

"Me kika ci jiya?"

Safinatu ta sunkuyar da kai.

Malamar ba ta matsa ba. Ta ƙirgo mata ƙullin abincin nan na gyaɗa da madara da ake ba yara masu tamowa, ta ce nasa ne shi kaɗai, ta dawo da shi kowace Talata a sake aunawa a ƙara mata wani. Ta ce in an bi ƙa'ida, yara da yawa da suka fi shi lalacewa sun tashi.

Cikin mako biyu Haidar ya fara bin mutane da ido. Wata rana har ya kama bakin ƙwarya yana son ya jawo. Safinatu ta yi dariya ita kaɗai a tsakar gida, ta ji muryarta ta zame mata baƙuwa.

Alhamis ɗin da ta biyo baya Ɗalha ya dawo daga kara tun kafin la'asar, abin da bai saba ba. Bai yi sallama ba. Ya wuce ɗakinta, ya ɗaga katifa, ya buɗe kwalla, ya fito da ƙullin gyaɗar a hannu.

"Mene ne wannan?"

"Maganin Haidar ne."

"Magani! Kin san abin da Hussaini ya yi mini yau?" Hussaini shi ne fatoman da ke takara da shi a kan baƙi. "A tsakiyar kara, a gaban fatake, ya ɗaga murya ya ce, 'Sarkin Tuwo, ashe mu kake ba tuwo, ɗanka kuma gyaɗar sadaka yake lasa?' Matarsa ta gan ki a layi. Kowa ya yi dariya, Safinatu. Har yaran da ke riƙe igiya suka yi dariya."

"Maigida, dubi yaron. Ya fara samun sauƙi."

"Gidan da ke ciyar da mutanen ƙasa biyu, a ce an ga matar gidan a layin mayunwata? In labarin nan ya tsallaka iyaka wa zai sake sauka a zaurena? Ba ki ƙara taka wurin nan. Na faɗa."

Ya zuba ƙullin a aljihun babbar riga ya fita da su. Ba ta san inda ya kai su ba.

Ta bari har ya huce. Ranar Asabar da hantsi, bayan ta gama wanke-wanke, ta jera kwanukan gidan a tsakar gida. Manyan ta yi musu layi ɗaya, layin ya miƙe daga bakin rijiya har kusa da turken da a da akuyarta ke ɗaure. Ƙanana biyu ta ajiye su gefe. Da ya shigo zai yi alwala ta durƙusa.

"Maigida, don Allah ka ba ni hankalinka kaɗan. Ba baƙi na ƙirga ba, kwanuka ne. Waɗannan su ke fita. Waɗannan biyun su ke zama, na Iya da na Ummi."

"Naki fa?"

"Shi ne nake son ka gani."

Ya kawar da kai. Ta ci gaba a hankali, don ta daɗe tana shirya maganar a zuciyarta.

"Geron gonarka a da yakan kai mu har sabo ya fito. Bana tun kafin ruwa ya sauka ya ƙare. Yanzu da la'ada kake sayen hatsi a kasuwa, kuma ina ganin buhun da kake shigowa da shi, ina ganin ranar da yake ƙarewa. Abin da kake samu a kan mutanen nan bai kai abin da suke ci ba. Mu ne muke cika ragowar da cikinmu."

"Wa ya koya miki lissafi?"

"Tukunya."

Ya yi 'yar dariya, ba ta jin daɗi ba.

Ta ce, "Ban ce a kori kowa ba. A fara cire na cikin gida, abin da ya rage a fitar. Wanda ya zo da dabba a ba shi. Mutanen unguwa kuwa kowa yana da gidansa. Kuma Buzun nan mai raƙuma da kansa ya ce zai riƙa kawo hatsi ko ya ba da sefa, ka hana."

"In karɓi kuɗin tuwo? Ni mai sayar da abinci ne a tasha?" Ya ajiye buta. "Ke ba ki san waje ba. Hussaini shinkafa yake ba nasa, har da lemon kwalba. Ranar da kwanona ya ragu da loma ɗaya, kashegari baƙina suna zaurensa. In sun tafi, me za mu ci? Wannan tuwon da kike gani jari ne. Ki yi haƙuri kasuwa ta buɗe sosai, bayan kaka komai zai daidaita."

"Haidar zai kai kaka?"

"Kul! Kada ki yi wa ɗana mugun baki."

Iya, wadda ke jin su tun farko, ta turo baki. Ba ta kiran sunan Ɗalha saboda ɗan fari ne. "Ke 'yar nan, ki bar yaron nan ya ji da abin da ke gabansa. Ni shekara talatin na yi ina tuƙa wa zauren nan, ƙanzo na ci, ban mutu ba. 'Ya'ya tara na haifa."

Safinatu ta san cewa cikin taran nan uku ne suka rayu, amma ba a faɗa wa suruka haka. Ta tattara kwanukanta.

Ba ta da sauran wanda za ta kai wa kuka sai Baffa Lado, ƙanin mahaifinta da ke Sule Tankarkar, wanda shi ne waliyyinta tun rasuwar mahaifin nata. Ta ari wayar Rahamatu ta kira shi, ta ce tana cikin yunwa ita da 'ya'yanta, ya zo ya gani da idonsa. Tsohon ya razana. Ya ce yana tafe.

Ranar Laraba ya zo, kuma kamar kowane baƙo namiji, a zaure ya sauka. Ɗalha ya yi ta rawar jiki. Ya aika aka yanko nama, ya ciyo bashin shinkafa a kanti, ya shigo ya ce a yi wa surukinsa girki na musamman. Safinatu ta dafa da hannunta, ƙamshi ya cika gidan, Ummi tana zagaya murhu. Aka fitar da komai. Ta ji muryar Baffa ta katanga yana cewa ya ƙoshi, ana cewa sai ya ƙara.

Bayan la'asar ya yi sallama ya shigo cikin gida yana sakace. Ta shimfiɗa masa tabarma, ta durƙusa ta gaishe shi.

Ya ce, "Safinatu, kin ba ni kunya. Na baro gona, na biya kuɗin mota, zuciyata a tsaye. Na zo na tarar da gidan da ko a gidan hakimi ban ga ana fitar da abinci haka ba. Mutum ashirin na gani suna ci suna bari. A nan ne ake yunwa?"

"Baffa, abin da ka gani a waje shi ke nan duka. Ba ya dawowa ciki."

"Ai ke kike rabawa. In ba ki ɗebi naki ba laifin wa?"

"In na ɗiba sai kwanon waje ya ragu, a shigo a karɓa."

"To, baƙo ai dole a fifita shi. Haka muka tashi muka gani." Ya leƙa bayanta inda Haidar ke lulluɓe da zane. "Yaron kam ya rame. A nemo masa saiwar da ake jiƙa wa masu haƙori. Ke kuma ki riƙe mijinki. Mutumin da duk Maigatari ke yabo, kada a ji ɓacin sunansa daga bakin 'yarmu. Allah ya yi miki albarka."

Ɗalha ya raka shi tasha, ya biya masa kuɗin mota, ya haɗa shi da ƙullin goro.

Daga nan Safinatu ta daina magana. Tana tashi, ta yi surfe, ta kai niƙa, ta tuƙa, ta raba. Rahamatu takan miƙo mata ɗan kunu ta kan katanga in nata gidan ya samu, amma ita ma mijinta ɗan acaɓa ne mai 'ya'ya bakwai. Wata Talata Safinatu ta ɗauki mayafi za ta koma asibiti, Iya ta jawo tabarmarta ta shimfiɗa a bakin ƙofa ta zauna tana jan carbi. Safinatu ta mayar da mayafin.

Ƙafafun Haidar suka kumbura. Iya ta ce, "Kin ga, ya fara ƙiba." Bakinsa ya yi miki, ko kunu ya ƙi karɓa. Sai gudawa ta sauko masa ranar wata Laraba da yamma, zaure cike da mutane.

Da asubar Alhamis Safinatu ta tare Ɗalha a bakin ɗakin hatsi.

"Maigida, jikin yaron nan ya saki. Ka ba ni izini da kuɗin mota in kai shi babban asibiti a Gumel."

Ya ɗan tsaya. Ta ga tsoro ya gilma a idonsa. Amma daga waje wani ya ƙwala kira, "Sarkin Tuwo! An fara sauke shanu!"

Ya ce, "Yau kasuwa, ko sisi babu a jikina sai an yi ciniki. Ki ba su koko, ki ɗora na rana. Da an tashi daga kara ni da kaina zan kai ku."

Ta dama koko aka fitar. Ta ɗora tukunyar tuwo, ta yi talge. Tana cikin tuƙi ta ji bayanta ya yi shiru, irin shirun da ba na barci ba. Ta kwance goyon. Idanun Haidar a buɗe suke rabi, sun faɗa ciki, numfashinsa sama-sama.

Ta saki muciya a cikin tukunya, ta ɗauki mayafi.

Iya ta ce, "Ina za ki? Da izinin wa? Tuwon fa?"

Safinatu ta ce, "Iya, gafara." Ta raɓa ta gefenta ta wuce. Tun da aka kawo ta gidan ba ta taɓa fita haka ba.

Rahamatu ta kwance bakin zanenta ta juye mata 'yan kuɗin da ke ciki, ta kira mijinta ya kai su tasha. A motar Gumel, matar da ke kusa da ita ta leƙa fuskar yaron, ta yi salati a hankali, ta matsa ta ba ta wuri.

A asibiti ba su bar ta a layi ba. Aka karɓe shi da gudu, aka sa masa siririn bututu ta hanci, aka lulluɓe shi. Likitan, wani matashi mai sanyin murya, ya dubi katin sha-ka-tafi da ta miƙa masa.

"An fara ba shi abincin, ya fara hawa. Me ya sa kuka daina zuwa?"

Ta ce, "Baƙi muke da su."

Ɗalha ya iso gab da magariba, da ƙurar kara a rigarsa, da ledar tsire da lemo a hannu. Ya tarar ana canja wa yaron shimfiɗa, an tuɓe shi. Rabon da ya gan shi ba zane an yi watanni. Ya ga haƙarƙari a jere, ya ga fatar cinya tana lilo kamar tsohuwar riga.

"Inna lillahi. Yaushe ya koma haka?"

Safinatu ta ja zane ta rufe yaron.

Haidar ya cika da safiyar Juma'a. Aka dawo da shi Maigatari, aka yi masa sutura kafin a tafi masallaci.

Ba a taɓa ganin taron gaisuwar jariri irin wannan a unguwar ba. Fataken da ya kamata su koma gida suka fasa tafiya. Dillalai suka zo, har da Hussaini, wanda ya riƙe hannun Ɗalha ya daɗe yana ba shi haƙuri. Zaure ya cika, aka shimfiɗa tabarmi a waje. Safinatu tana zaune a ɗakinta tsakanin mata, tana jin muryoyinsu ta katanga. Wani mai harshen Damagaram yana cewa shekara goma yana sauka a gidan nan bai taɓa kwana da yunwa ba, Allah ba zai bar mai irin wannan hannu ya taɓe ba. Aka amsa da amin. Iya tana gaya wa masu shigowa cewa haƙori ne ya zo masa da gudawa, kwana kuma ya ƙare.

Kwana ya ƙare, gaskiya ne, kuma ba mai ja da hukuncin Allah. Amma ba fari aka yi a gidan Ɗalha ba, ba gobara ba. Hatsin da ya shiga gidan nan a daminar ya isa ya riƙe mace mai shayarwa da 'ya'ya biyu har da ragi. An dai auna shi ne da girman suna, ba da yawan bakin da ke jiransa ba, kuma duk wanda ya isa ya ce a tsaya a duba ya ci ya ƙoshi a zaure. Gidaje nawa ne a garuruwanmu ake yi wa maigida kirarin kyauta a waje, alhali kyautar daga kwanon matarsa ake ɗebo ta, ba a kuma taɓa tambayarta ba?

A al'ada ba a hura wuta a gidan makoki. Maƙwabta ke kawo abinci. Da azahar kwanuka suka fara shigowa ta ƙofar mata: dambu daga wannan gida, shinkafa da wake daga wancan, tuwon dawa da miyar kuɓewa daga gidan Rahamatu. Aka jere su a gaban Safinatu. Rahamatu ta buɗe ɗaya ta tura mata.

"Daure ki sa wani abu a cikinki."

Safinatu ta dubi abincin, ba ta taɓa ba. Ta jawo Ummi ta zaunar da ita, ta tura mata kwanon shinkafar gaba ɗaya. Yarinyar ta dubi uwarta, ta dubi ƙofa, sannan ta sa hannu. Tana ci da sauri, ta kare kwanon da ɗayan hannun.

Aka yi sallama. Ɗalha ne, idanunsa jajur, muryarsa a dushe. Mata suka gyara lulluɓi.

"Mutane sun yi yawa a waje, har da waɗanda suka zo daga nesa. A miƙo abin da aka samu."

Ba wadda ta motsa, sai ya sunkuya da kansa. Ya ɗauki dambun, ya ɗora tuwon a kai. Ya miƙa hannu ga kwanon da ke gaban Ummi. Safinatu ta ɗora tafinta a kan bakin kwanon. Ba ta ɗaga murya ba.

"Wannan ba ya fita."

Ɗalha ya tsaya a sunkuye, hannunsa a miƙe. Ummi ta haɗiye lomar da ke bakinta, ta ɗago ta dube shi, da shinkafa a haɓarta.

"Baba, gobe ma za a kawo mana?"

Wata tsohuwa a kusurwa ta rufe fuska da mayafi. Daga waje wani ya ɗaga murya, "Ina Sarkin Tuwo? Ga mutanen Magarya sun iso!"

Ɗalha ya janye hannunsa a hankali. Ya dubi kwanuka biyun da ke ɗaya hannun, ya dubi 'yarsa, ya daɗe a haka. Sannan ya juya ya fita da su.

Safinatu ta matso da kwanon kusa da yarinyar.

Ta ce, "Ci a hankali. Ba mai karɓa."